Alalen Inna a Cikin Leda

Akwai wani wari da leda ke yi idan tururi ya ratsa ta. Duk sanda na ji shi, sai in tuna shekarar da muka bar Karare muka raɓa a gidan kawuna a Batsari, lokacin da zuwa gona ya gagara saboda 'yan bindiga. Da kayan jikinmu muka fito, kwanoni da ƙore duk suna can.

Inna, mahaifiyata, ta kama sana'ar alale. Ba ta da gwangwanaye, sai ta riƙa ƙulla ƙullun a farar leda tana jefawa cikin tafasasshen ruwa. Abin da ya yi kwantai shi ne abincinmu, ita kuwa kusan shi kaɗai take ci.

Damina biyu muka yi a haka. Sai ta fara kasala, tana jin sanyi har a tsakiyar bazara, tana naɗe mayafi a wuya. Kakata ce ta janye mayafin wata rana, ta ga wuyan ya kumbura.

A asibiti, malamar da ta duba ta ta ce maƙoƙo ne, kuma abubuwa da yawa na kawo shi, har da irin gishirin da ake ci. Da ta ji sana'ar Inna, ta ƙara da cewa ana zargin zafi na fito da wasu sinadarai daga leda, masu iya dagula aikin ƙwayar da ke wuya, ko da yake ba ta da tabbacin su ne.

Inna ta ce, "To Malama, a me zan dafa?"



Kaka ce ta amsa, da ƙafarta. Tsohuwar da ko gishiri ba ta taɓa roƙa ba ta bi maƙwabta gida-gida tana aron ƙananan kwanoni. Da ta dawo ta zube su gaban Inna, ta ce, "Ga su. Kunyar ni na sha, ke dai ki dafa."

Inna ta samu sauƙi da magani, kuma har yau ba mu san ainihin sanadin ba. Ni dai ba na ba 'ya'yana abinci mai zafi a leda. Amma idan na ga mata a tasha suna ƙulla koko, ba na yi musu wa'azi. Na san tambayar da za su yi mini, kuma ba kowacce ce ke da tsohuwar da za ta shiga maƙwabta dominta ba.