Fentin Silba a Ɗakin Inna

Ranar wata Laraba cikin bazarar 1993, ana gab da fitar Inna daga takabar Baba, na dawo daga makarantar boko na tarar da ita durƙushe tana lalube a ƙarƙashin gado. Ta jawo wani gwangwani duk tsatsa, ta ɓamɓare murfin da wuƙar yanka kuɓewa, wari ya cika ɗakin. Ragowar fentin silba ne wanda Baba yake shafa wa gadajen ƙarfe da ƙyauren gidaje, sana'ar da ta taso mu daga Aujara zuwa Dutse lokacin da aka yanke Jigawa daga Kano, kowa yana ta gini. Ta kara gwangwanin a fuskarta har hancinta ya kusa taɓa fentin, ta juya shi wajen hasken ƙofa, sannan ta ce, "Wannan kam ina ganinsa. Ke, ɗauko min kananzir."

Idanun Inna sun fara tafiya tun Baba yana da rai, amma bayan rasuwarsa abin ya zo da gudu. Yanar ido ce ta rufe su, fara-fara kamar an ɗiga koko a ciki. Daga ni sai ƙanena Sabi'u muka sani, sai Auta da ke goye wanda bai san komai ba. Matan gidan hayar da muke a bayan unguwar Takur sun ɗauka takaba ce ta sa ba ta fitowa, ita kuwa ta bar su a haka. Ƙuli-ƙulinta da hannu take murzawa, da hanci take gane gyaɗa ta soyu, ni kuma in ɗauki tire in zagaya wajen magina. Da hakan muke ci. Na daina tsayawa 'yar gala-gala da ƙawayena, Sabi'u ya daina bin yara tsintar dabino a gindin duwatsu, domin dole ɗayanmu ya zama idonta. Abin da ya hana ta barci saƙon Baffa ne, yayan Baba, cewa zai zo ranar fitar takaba a yi maganar marayu. In ya ga za ta iya riƙe mu, zai bar mata mu. Inna kuwa ta san babu wanda zai bar wa makauniya 'ya'ya uku a ɗakin haya, a garin da ba ta da kowa.

Ɗakin namu ɗan ƙuƙut ne, tagarsa ba ta fi faifai ba, ita ma katangar maƙwabta ta tokare ta. Duk hasken da muke samu ta ƙofa yake shigowa. A wannan duhun Inna ba ta bambance gado da randa, amma abu mai ƙyalli tana hango shi. Shi ya sa ta tsinka fentin da kananzir don ya auka, ta ba ni tsohon burushin Baba, ta ba Sabi'u gashin kaza, ta zauna tana ba da umarni. Muka ja layi a jikin bango daidai ƙugunta tun daga ƙofa har gado. Muka shafe ƙafafun gadon, da bakin randa, da gefen kantar da take jera kwanuka, da ƙusar da ake rataye buta. Ta ce mu zana furanni da taurari a saman layin don kowa ya ɗauka ado ne. Taurarin Sabi'u sun fi kama da ƙafar kaza, na kuwa zage shi tas, ya yi ta kuka yana zanawa. Warin ya sa mu ciwon kai, Auta ya yi ta tari, Inna ta ce a ci gaba.

Da ya bushe, wallahi ɗakin ya yi kyau. Da hantsi, in rana ta leƙo, bangon sai ya ɗauki ido. Matan gida suka yi ta shigowa kallo, wata ta ce, "Ai ko ɗakin amarya albarka." Inna ta yi ta gwaji: daga gado zuwa randa, daga randa zuwa kantar kwanuka, ta ɗauko ƙwarya, ta juyo, ta miƙa wa Sabi'u da muka naɗa Baffa. Har ta iya tafiyar ba ta taɓa bango. Na tuna ranar da ta yi ba kuskure, ta yi dariyar da ban ji ba tun rasuwar Baba, ni kuwa na tabbata mun tsira.

Abu ɗaya ne bai zo mana a rai ba. Mun zaci Baffa zai shigo ya zauna a tabarmar da muka shimfiɗa masa a gindin gado, kamar yadda Sabi'u yake yi. Amma wane dattijo ne zai kutsa ɗakin matar ƙanensa? Da ya iso ya yi sallama, sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa, babban mutum cikin babbar riga, matarsa Gwaggo tana tsaye a bayansa. Suka toshe ƙofar ruf. Ina kallo ƙyallin bangon ya mutu. Inna tana tsakiyar ɗaki da ƙwaryar fura a hannu biyu, ta tsaya cak. Na so in ce ya matsa, amma yarinya ba ta cewa Baffanta ya matsa. Na so in kama hannunta, ta riga ta hana ni. Ta ce, "Sannu da hanya, Yaya," ta bi muryarsa, ta yi tuntuɓe da gammon randa. Ƙwaryar ta kife, fura ta malale har gefen rigarsa.

Inna ta durƙusa tana shafa ƙasa tana neman ludayi, ludayin kuwa yana gaban gwiwarta. Baffa ya dubi hannunta, ya ɗaga kai ya bi layin bangon da ido har bakin randa. Ya ce, "Amarya, tun yaushe?" Ta ce santsi ne. Ta rantse santsi ne, ta ce a bar mata ko ɗaya daga cikin manyan, ta ce za ta iya, ya tambayi kowa a gidan. Ban taɓa ganin Inna tana roƙon mutum ba sai ranar. Baffa ba mugu ba ne, har hawaye ya share da hannun riga, amma bai canja magana ba. Ni aka tafi da ni Aujara, Sabi'u aka ba wani ƙanen Baba a Taura, Inna da Auta 'yan'uwanta suka zo suka kwashe su.

Sai a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka kai ta asibiti aka kankare yanar, aikin da bai kai a dafa shinkafa ba. Na je duba ta da goyona. Ta dube ni sama da ƙasa, ta gaishe ni gaisuwar baƙuwa, tana jiran a gaya mata ko wace ce. Sai da na yi magana ta gane ni.

Yanzu a Takur fentin silba ado ne na gaske, ana shafa shi a falo a kunna masa ƙwayayen lantarki ta kowace kusurwa, aikin ido kuma har kyauta ake yi. Ni da Sabi'u muna gaisawa ta waya cikin ladabi, kamar surukai. Idon Inna ya dawo, gidanmu ne bai dawo ba.