Takobin Babanta

A kasuwar tsofaffin kaya ta garin Solingen, wata tsohuwa mai farin gashi tana tsaye gaban teburin Detlef, dillalin tsofaffin makamai, rungume da takobi cikin tsohon labule kamar jinjiri. Da ganinta ka san ta daɗe tana ɗage zuwan nan.

Detlef ya zare shi, ya duba tambarin maƙera.

"Na hafsoshin yaƙin duniya ne, Iya. Masu tara kayan tarihi za su yi rububinsa."

"Ba sayarwa na zo ba, ɗan nan. Na babana ne. Ya taɓa saran mutum?"

Detlef ya goga yatsa a bakinsa. "Na fareti ne, ba a taɓa wasa shi ba. Ko burodi ba zai yanka ba."

Tana naɗe shi a hankali ta ce, "To, saura bindigarsa. Ita ba mai iya faɗa mini."