Hantsakin Gora na Gwaggo

Shekara ashirin da biyu Gwaggo tana wanke lu'ulu'u a ɗakin bincike na jami'a, hawa na biyu, a ƙarshe wai hannunta ne ya lalace. Hannun Gwaggo fa!

Ba lu'ulu'un ado ba ne, 'yan mitsi-mitsi ne, ba su kai ƙwayar shinkafa ba. A cikin kowanne akwai ɗan aibi da ido ba ya gani, inda wata 'yar ƙwayar lantarki ke juyi kamar katantanwa. Masanan ɗakin so suke juyin ya daɗe bai rikice ba, wai da shi za a ƙera kwamfutar gobe.

Gwaggo ba ta yi boko mai zurfi ba, amma tuntuni ta lura abin ba ya shiri da ƙarfe. Kafin ta zauna sai ta cire zobe da 'yan kunne, ta ɗauko hantsakin gora da marigayi mijinta, kafinta, ya feƙe mata. Ɗalibai kan tsokane ta: "Gwaggo, tsinken sakace ne?" Ta ce, "Buɗe bakin in gwada maka."

Sai aka kawo sabon shugaba, wani Dakta mai ji da kansa. Yana ganin gora ya yatsine fuska.

"Nan ɗakin kimiyya ne ko kicin?"

Ya sa aka raba hantsakin ƙarfe mai ƙyalli.

"Ranka ya daɗe, ƙarfe yana bar wa lu'ulu'un ƙura a jiki," in ji Gwaggo.

"A wane littafi kika karanta?"

Gwaggo ta jefa hantsakinta a durowa, ta ɗauki na ƙarfen.

Kafin wata biyu juyin ya riƙa mutuwa da wuri, bincike ya tsaya cak. Maimakon Dakta ya duba kansa, sai ya ce tsufa ne, hannun Gwaggo na rawa. Aka sallame ta. Ko hantsakin nata mai gadi bai bari ta fita da shi ba, wai kayan ofis ne. Kayan ofis! Wallahi abin da takaici.

Bayan ta tafi, wata ɗaliba ta tsinci hantsakin Gwaggo a durowa, ta gwada. Juyi ya dawo garau. Kafin shekara ta zagayo Dakta ya buga rahoto: ya gano sabuwar dabara, a daina taɓa lu'ulu'u da ƙarfe.

'Yar Gwaggo ce ta ga rahoton a waya, ta karanta mata sunayen da ke samansa. Tara ne cif.

"Sake karantawa," in ji Gwaggo.

Ta sake. Babu sunan Gwaggo.

Gwaggo ta karɓi wayar, ta ƙura wa hoton ido. Ga hantsakin an ɗora shi a kan farin ƙyalle, har tabon da wuƙar kafinta ta bari a gindinsa ya fito.

"Kira min su," ta ce. "Su riƙe aikin, su riƙe sunan. Su dawo min da kayan babanku."