Finjalin da Ba a Girgiza Ba

Ku sababbin shiga aikin nan, ku ba ni kunnuwanku. Har yau ban manta da wata la'asar a Abhur, unguwar masu kuɗi a nan ƙasa mai tsarki, ba, lokacin ina mushrifa, wato shugabar mata masu zuba gahawa a gidajen biki.

Kun san ƙa'idarmu: buta a hagu, finjali a dama, kina tsaye. Muddin baƙuwa ba ta girgiza finjalinta ba, ba ta ƙoshi ba ke nan. Ba ki zama, ba ki juya mata baya. Wadda ta karya wannan, ƙorafi ɗaya ya isa kafili, ubangidan da ya tsaya mata, ya soke mata iƙama, takardar zama a ƙasar, sai gida.

Rannan muna hidimar walima a gidan wata attajira. 'Yan matan gidan suka kunna fim a ƙaton allo, na yaƙin Saliyo. Ana haƙar lu'ulu'u da bindiga a ƙeya, ana damƙa wa ƙananan yara makamai. Cikin ma'aikatana akwai Isatu, 'yar Saliyo, maƙwabciyata a unguwar Hindawiyya, inda ta koyi Hausa. Ni kaɗai na san 'yan tawaye sun tafi da ƙaninta tun yana yaro, kuma har yau shiru.

Ita ce kuwa a gaban gwaggon uwar gida, dab da allon. Tsohuwa ta nutse cikin kallo. Ta miƙo finjali, Isatu ta zuba, ta shanye, ta sake miƙowa. Girgiza babu. Na kasa tsayuwa wuri guda, na je kicin na dawo, na sake komawa. Da aka nuno ana jan wani yaro daga hannun uwarsa, sai bakin butar ya fara kaɗawa a jikin finjali, ƙar-ƙar-ƙar.

Na matsa kusa na ce, "Fita, 'yar'uwa."

Ta ce, "Yaya Hajara, ba ta girgiza ba."

Tafasasshen gahawa ne, ga cinyar tsohuwa a ƙasa. In Isatu ta fita ta yi laifi, in ta zubar ta fi laifi. Sai kawai na kama wuyan hannun gwaggon nan, na girgiza mata finjalin da kaina. Na ce, "Halas, Hajiya, kin ƙoshi. Isatu, yalla, fita!"

"Mahaukaciya ce wannan?" in ji uwar gida.

Na ce, "Ni ce. In za ki kai ƙara, Hajara ne sunan."

Ta kuwa kai. Aka sauke ni daga mushrifa, na koma riƙon buta da furfurata. Isatu tana nan da iƙamarta, ita ke koya muku zubi yanzu.

Don haka nake cewa, duk wadda aka ba shugabanci a cikinku, kar ta tsaya kallon hannun baƙuwa kaɗai. Ta riƙa duba hannun mai zubawa.