Autan Kaka Sekhonyana

Kakana Sekhonyana bai taɓa goyon ɗa ba, amma shekara talatin yana renon batirin mota. A-kori-kura gare shi, wadda yake kai ulun tumaki garin Mokhotlong da ita. Da Yuni ya kama, wato farkon hunturu a ƙasarmu, ƙanƙara ta sauka a kan duwatsu, kullum da yamma sai ya ɗauki sufana ya kwance batirin, ya rungumo shi ɗaki, ya naɗe shi da bargo kusa da murhu.

Yakan ce, "Halinsa irin na tsofaffi ne. In sanyi ya shige shi, ƙarfin yana nan amma ba ya fitowa. Ga man inji ya yi kauri kamar kunun jiya. Da me zai juya shi?"

Kaka Mamookho, matarsa, ita ta raɗa wa batirin suna Auta. Batura shida aka canza, sunan bai canza ba.

"Tsoho, bargon aurena ne fa wannan!"

"To ba a ɗakinki yake ba?"

"Sai ka dama masa koko kuma. Ni da na haifa maka bakwai, wace rana ka tambaye ni ko ƙafata ta yi sanyi?"

"Ke ai ko a cikin ƙanƙara kina tashi da safe, har da ƙara."

Abu ɗaya Kaka yake tsoro: kada a kai shi kabari a amalanken shanun Khoarai, maƙwabcinsa, wanda ya sha yi masa dariyar cewa sā ba ya buƙatar bargo. Sai da ya sa duk gidan muka yi alkawari motarsa ce za ta kai shi.

Da yake shi mai neman magana ne, a tsakiyar Yuli ya rasu.

Ranar jajiberin jana'iza kawunnaina suka shagala da yankan saniya, ba wanda ya tuna da mota. Gari ya waye ruwan bokiti ya zama dutse. Kawu Lebona ya murɗa makulli, ko tari motar ba ta yi ba. Kafin a ce me, ga Khoarai da shanunsa a bakin shinge, ya cire hula, fuskar nan kalar tausayi.

"Ba komai, 'ya'yana, maƙwabtaka ce. Nawa sun tashi tun asuba."

Kawu ya ɗaga murfin inji, sai ya dafe kai. "Ɓarawo! A gidan makoki!" Gurbin batirin wayam.

Aka aike ni in gaya wa Kaka Mamookho. Tana zaune a kan katifar takaba a ƙasa, inda al'ada ta hana ta tashi sai an fita da gawa. Na durƙusa ina in'ina.

Ta ce, "Rufe min baki." Ta yaye gefen bargon aurenta. Ga Auta nan a jikin cinyarta, da ɗuminsa.

"Kaka! Kin tashi?"

"Wa ya gan ni? Suna can wajen hanji. A baro na turo shi, ƙuguna har yanzu bai yafe min ba. Kira wancan sakaran Lebona ya ɗauka."

Da aka mayar da batirin, murɗa ɗaya motar ta tashi, hayaƙinta ya turnuƙe shanun Khoarai. Da za a fita, Kaka ta tsaya gefen akwatin gawar ta ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Ka ji ta ko? To saura ka ce ban iya reno ba."