Haƙorin Makka a Hanyar Kaduna

Muna tashar Birnin Gwari, muna jiran mota ta cika. Wata dattijuwa tana zaune kan buhun masara da ɗan madubi a hannu, takalminta duk ya cinye. Haƙorin Makka gare ta, tana ta ƙoƙarin ɓamɓare azurfar da tsinke. Ina jin noman shekaru ne ya kai ta aikin Hajji.

Direba ya ce, "Hajiya, za ki ji wa kanki ciwo."

Ta ce, "Ɗan nan, daina ce mini Hajiya. In aka tare mu a daji aka ga wannan, sai 'ya'yana sun sayar da gona."

Azurfar ta fita. Ta ƙulle ta a bakin zane, ta shiga mota tana shafa wurin da harshe.