Numfashin Aro a Kan Duwatsu

Duk ɗalibin da ya taɓa zuwa tsibirin nan nazarin halittun teku ya san Merle Tapscott. Da can ita da mijinta, marigayi Des, nutso suke yi suna ciro katantanwar teku su sayar. Da kunnuwanta suka daina jure zurfi, sai ta koma tuƙa ɗaliban jami'a a jirgin ruwa, tana tsare su a kan duwatsu idan ruwa ya janye. Bakinta ba ya hutawa, kuma ba ta taɓa kai labari ƙarshe ba.

Ran nan tana cikin labarin yadda Des ya zame a bakin jirgi ɗauke da kek ɗin aurensu, sai wani ɗalibi, Fergus, ya ce ba ya jin leɓɓansa. Ashe wani kyakkyawan ƙwanso ya tsinta ya cusa a hannun rigarsa, alhali wani ɗan halittar teku mai hannu takwas da zobba shuɗɗa a jiki yana ciki, ya kuwa cije shi. Dafinsa yakan sandarar da jiki ya tsayar da numfashi, amma mutum yana jin komai.

Kafin a gama kiran jirgi mai saukar ungulu, Fergus ya miƙe kamar itace, idanu a buɗe.

"Wayyo, ya mutu!" in ji abokiyar karatunsa, Thuy.

"Ke, rufe mana baki!" in ji Merle. "Yana jin ki sarai. Kare masa ido da hularki, kada rana ta ƙona."

Ta durƙusa a kan dutse mai kaifi tana hura masa iska baki da baki. Duk sanda ta ɗago sai ta yi magana.

"Kai ɓarawon ƙwanso, ba inda za ka." Ta hura. "Wannan warin albasa fa? Ko Des bai kai ka ba." Ta hura. "To, da ya zame..."

Gwiwoyinta suna jini, ruwa kuma ya fara dawowa yana lasar ƙafafunsu. Ta sa ɗalibai suka ja shi sama. Da numfashinta ya gaza, Thuy ta karɓa, Merle kuwa ta riƙe masa kai tana ta zuba har jirgin ya iso.

Washegari a asibiti aka cire masa bututun numfashi, Merle na zaune a gefen gado. Ya motsa baki da ƙyar.

"Anti Merle, kek ɗin fa? Ya faɗa ruwa?"

"Ja'iri! Sai ka dawo tsibiri da ƙafarka, sannan ka ji."